An Gyara Ajin, Saura Karatun: Sharhi Kan Dokar Ta-ɓacin Ilimi a Zamfara

Kafin ku ci gaba da karanta wannan sharhi, muna roƙon alfarma guda. Idan akwai yaro ɗan aji huɗu na firamaren gwamnati a kusa da ku, ɗanku ne ko ƙane ko ɗan maƙwabci, ku kira shi ku miƙa masa wayar, ku ce ya karanta muku layin farko. Kada ku taya shi, kada ku tsawata masa. Ku saurara kawai.

Idan ya karanta sumul, ku gode wa Allah, ku gode wa malaminsa. Idan kuwa ya tsaya yana kallon baƙaƙen kamar bai taɓa ganin irinsu ba, alhali shekara huɗu ke nan yana sa rigar makaranta, to wannan yaron shi ne maganar da ta kawo mu yau.

Wani zai ce me ya haɗa mujallar adabi da harkar gyaran makarantu? Abin da ya haɗa mu a fili yake. Mu masu rubutu ne da karatu. Yaron da ya gama firamare bai iya haɗa baƙi ba, ba zai taɓa buɗe Magana Jari Ce don kansa ba, balle ya zo kan labaran da muke wallafawa. Duk ajin da aka yaye ba su iya karatu ba, an rage mana masu karatu ne, an kuma rage wa Hausa marubutan gobe.

Abin da aka tarar

A watan Nuwamba na 2023, wata shida bayan hawansa mulki, Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Jihar Zamfara. Babu mai adalcin da zai ce babu dalili.

Tun shekarun baya sunan jihar ke fitowa a ƙasan jerin sakamakon jarrabawa. A jadawalin makin shiga sakandaren gwamnatin tarayya da ya tada ƙura a 2013, ana neman maki 139 daga ɗan Anambra, amma maki 4 daga yaron Zamfara, maki 2 daga yarinya. A 2018 rahotanni sun nuna yara 28 kacal aka yi wa rajistar wannan jarrabawa daga jihar baki ɗaya. Sannan ga bashin hukumomin WAEC da NECO da ya taru shekara da shekaru, har aka riƙe sakamakon ɗalibai. Yara sun zauna sun rubuta jarrabawa, sun koma gida suna jira, sa'o'insu na wasu jihohi sun wuce jami'a sun bar su.

A kan wannan rauni ne 'yan bindiga suka zo suka ɗora nasu. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata daga sakandaren kwana ta Jangeɓe, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka sace ɗalibai fiye da 70 a Ƙaya ta Maradun, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantun jihar. A Satumba 2023 aka shiga gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, aka tafi da ɗalibai, yawancinsu mata. Uban da ya ji waɗannan labarai ya ce 'yarsa ta zauna gida, da wane baki za mu zarge shi?

Yabon gwani

An ce yabon gwani ya zama dole, don haka mu fara da shi. Gwamnatin ta biya bashin hukumomin jarrabawa, kuɗin da ya haura naira biliyan ɗaya, aka saki sakamakon da aka riƙe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga matashin da ya yi shekaru babu takarda a hannunsa. An kuma shiga gyaran gine-gine, gwamnati na cewa ɗaruruwan makarantu ne suka amfana. Wanda ya zaga Gusau ya ga sabon rufi da sabon fenti da katanga a inda da awaki ke kwana. An sanar da ɗaukar sababbin malamai. A 2024 aka fara biyan mafi ƙarancin albashi na naira 30,000, wanda aka sa wa hannu a ƙasa tun 2019.

Ba mu raina ko ɗaya daga ciki ba. Ba a karatu a ajin da ruwan sama ke zuba, kuma yarinyar da ta fara girma ba za ta zauna a makarantar da babu ban-ɗaki ba. Gini wajibi ne.

Sukarmu a wani wuri take. Idan aka saurari yadda ake ba da labarin nasarar wannan shiri, a rediyo da Facebook da wajen taruka, kusan kullum lissafin iri ɗaya ne: ajujuwa kaza aka gina, kujeru kaza aka raba, naira kaza aka kashe. Duk wannan lissafin abin da aka zuba ne. Lissafin da muke jira shi ne na abin da ya fito: cikin yara ɗari 'yan aji uku a Tsafe, nawa ne suka iya karanta jimlar Hausa bara, nawa suka iya bana? Manomi ba ya alfahari da yawan takin da ya zuba. Damin da ya ɗaure yake ƙirgawa.

Me ya sa gini ke cinye komai

Wannan ba halin gwamnati ɗaya ba ne, tsarin ne ya ginu a haka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC. Babban kaso daga ciki ana ba jiha ne idan ta kawo nata daidai da shi, kuma akasarinsa a gini da kujeru yake ƙarewa. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi yake fita. Ke nan bango yana da asusu mai ƙarfi, mutumin da zai tsaya a gabansa ya koyar yana jingine da asusu mafi rauni.

Ga kuma siyasa. Gini kwangila ne, yana da mai nema, yana da mai bayarwa, yana da ranar yanke ƙyalle da hoto. Koyar da yaro bambancin "da" da "ɗa" ba shi da ranar buɗewa. Aiki ne na kullum, na shekara uku, a ƙauyen da kyamara ba ta zuwa. Shi ya sa gwamnati bayan gwamnati ke gyara ajin da wadda ta gabace ta ta gyara, yaran ciki kuma suna nan jiya i yau.

Mun san haka ba zato ba ne, domin an taɓa aunawa a maƙwabta. A farkon shekarun 2010 an gwada ƙananan 'yan firamare a Sakkwato da Bauchi, yaro ɗaya bayan ɗaya, aka ba su rubutun Hausa su karanta. Mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Ba Turanci ba, Hausar da suke yi a gida. Zamfara daga Sakkwato aka cire ta a 1996, tsarin makarantunsu tushe ɗaya ne. Babu dalilin da zai sa mu ɗauka namu sun tsira.

Gari uku, ciwo uku

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar makarantun jihar kamar ciwonsu ɗaya, maganinsu ɗaya. Mu ɗauki garuruwa uku da titi ɗaya ya haɗa.

A Gusau matsalar cunkoso ce. Rashin tsaro ya koro mutanen karkara zuwa birni da 'ya'yansu, yawancin yaran sun yi shekara biyu ko uku rabonsu da aji. Sai a dubi tsayin yaro a sa shi aji biyar, alhali karatunsa na aji ɗaya ne. Malamin da ke gaban yara cunkus ba shi da halin komawa baya dominsa. Yana bin manhaja, yaron yana kwafar allo kamar mai zane. Abin da irin wannan yaro ke buƙata shi ne a ware masa sa'a guda kullum tare da waɗanda matakinsu ɗaya, ko da shekarunsu sun bambanta. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da wannan dabara, an kuma gwada ta a Borno, inda su ma rikici ya raba yara da makaranta.

A Tsafe matsalar tsoro ce. Ƙaramar hukumar tana cikin waɗanda hare-hare suka fi addaba, kuma hanyar Funtuwa zuwa Gusau da ta ratsa ta, kowa ya san yadda ake binta da addu'a. Makarantar ƙauye tana iya kasancewa a buɗe a takarda, da sunan malamai a jadawalin albashi, amma babu wanda ya taka ƙofarta. Ba mu ga laifin malamin da ya ƙi sayar da ransa ba. Laifin na tsarin da ke ci gaba da ƙirga wannan makaranta cikin masu aiki ne. Gaskiyar da ake buƙata ita ce a fito da jerin makarantun da suka daina aiki, a bi yaransu inda suka koma, a tura malamansu can. Inda kuma ana iya zama, a ɗauki 'yan garin masu shaidar malanta, domin ɗan gari ba ya jiran mota kafin ya zo aji.

A Bunguɗu matsalar ta rabon malamai ce. Kusancinta da Gusau alheri ne kuma jarrabawa ce. Sananne ne a duk Arewa cewa malami mai hanya yana neman a bar shi a birni ko bakin titi, mara gata a jefa shi ƙauye. Sai ka ga makarantar kan kwalta malamai sun yi mata yawa, ta bayan dutse shugaban makaranta ne da mutum ɗaya ko biyu suke riƙe da aji shida. Wannan gyara ba ya cin ko kwabo na kwangila. Yana cin abin da ya fi kuɗi tsada: ƙin karɓar takardar alfarma daga manya.

Malami

Duk maganar gyara a kan malami take faɗuwa. A nan akwai darasi daga Kaduna. A 2017 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka faɗi, aka sallame su. Matakin ya nuna girman ɓarnar, amma ya kuma nuna cewa kora ita kaɗai ba ta haifar da gwani. Waɗanda za a ɗauka su maye gurbi daga makarantun nan dai suka fito.

Zamfara tana da Kwalejin Ilimi ta Maru, tana da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata a Gusau. Tambayar da ya kamata dokar ta-ɓaci ta yi musu ita ce: ɗalibin da kuka yaye, ya taɓa koyar da yaro ɗan shekara shida karatu da hannunsa kafin ku ba shi shaida? Koyar da karatun farko sana'a ce mai zaman kanta. Akwai sautin baƙi, akwai haɗa gaɓa, akwai tsarin wanda za a fara da shi. Mai digiri ma yana iya kasawa idan ba a nuna masa ba. Taron bita na kwana uku a otal, a raba kuɗin mota a watse, ba ya koyar da ita. Sai an sami gogaggen malami da zai riƙa shiga aji yana zama a baya, ya kalla, ya gyara, ya dawo wata mai zuwa.

Kuma a biya shi. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata zai tafi kabu-kabu ko gona ko kasuwa, jikinsa ne kawai zai riƙa leƙa aji.

Da wane harshe?

Nan ne abin ya fi shafar mu. Daga 2015 an gudanar da wani shiri mai suna RANA a Zamfara da Katsina, ƙarƙashin UNICEF da kuɗin gwamnatin Birtaniya. Aikinsa koyar da karatu da lissafi da Hausa a aji ɗaya zuwa uku, a firamare da wasu makarantun Islamiyya, da littafin ɗalibi da jagoran malami. Ke nan an riga an rubuta kayan aikin, an horar da malamai a jihar nan. Ciwon irin waɗannan shirye-shirye ɗaya ne: ranar da kuɗin baƙo ya ƙare, ranar aikin ke fara sanyi. Dokar ta-ɓacin da ta san abin da take nema, da nan za ta fara: ta sake buga littattafan da kuɗin jiha, ta sa ɗaya a hannun kowane yaro, ta nemo malaman da aka horar ta ba su jagoranci.

Sai ga shi iskar Abuja tana kaɗawa wani gefen. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A Nuwamba 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan manufa, aka koma Turanci tun daga tushe. Hujjarsu ita ce yara suna faɗuwa jarrabawa saboda raunin Turanci. Mun yarda raunin yana nan. Amma a garuruwan da muke magana, manufar harshen uwa ba ta taɓa samun littafi da malami yadda ya kamata ba, balle a ce ita ta jawo faɗuwa. Yaron Kwatarkwashi da bai taɓa jin Turanci a gida ba, idan aka ce ya koyi haɗa baƙi da sabon harshe a lokaci guda, an ɗora masa kaya biyu. Rubutun Hausa kuwa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaro na iya kama shi cikin watanni. Wanda ya iya karatu da harshensa, Turanci kawai ya rage masa ya koya. Wanda bai iya ba, haddar sauti zai yi ta yi har ya gama sakandare. Ko me Abuja ta ce, Hausa darasi ce a jadawali, kuma babu abin da ya hana jiha ta ba ta sa'a guda cikakkiya kowace safiya.

Wani gari da ya yi

Kada a ce talauci ne ya hana. Sobral wani gari ne a arewa maso gabashin Burazil, yankin da ya fi talauci a ƙasar. Wajen 2001 hukumar garin ta auna yaranta, ta gano kusan rabin 'yan aji biyu ba su iya karatu ba. Ba ta ɓoye ba. Ta kafa buri guda da kowa zai gane: kowane yaro ya iya karatu kafin ya bar aji biyu. Ta daina naɗa shugabannin makaranta ta hanyar siyasa, ta koma gwaji da cancanta. Ta riƙa auna yara a kai a kai, ta bibiyi duk wanda ya yi fashi har gida. A 2005 garin yana bayan garuruwa fiye da dubu a ma'aunin ilimi na ƙasar. A 2017 shi ne na ɗaya.

Sobral ba ta da 'yan bindiga irin namu, wannan gaskiya ne. Amma a lura, abin da ta fara da shi ba kuɗi ba ne. Auna yara ta yi, ta faɗi sakamakon ko da ya kunyata ta.

Namu laifin

Ba zai yi kyau mu nuna gwamnati da yatsa mu manta sauran yatsun suna nuna mu ba. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta Zariya ta fahimci cewa wanda ya koyi karatu yana buƙatar abin karantawa, in ba haka ba ya manta. Ta buga ƙananan littattafai masu araha, ta kafa jaridun larduna, lardin Sakkwato da Gusau ke cikinsa ya sami Zaruma. Yau marubutan Hausa sun fi na wancan zamani yawa nesa ba kusa ba. Kullum ana sakin sababbin labarai a WhatsApp da Wattpad, wasu shafi ɗari biyar. Amma mu nawa ne muka zauna muka rubuta labari mai shafi takwas, da gajerun jimloli, wanda 'yar shekara bakwai za ta karanta ta yi dariya? Mun bar wannan fage ga ƙungiyoyin waje, sannan muna kukan an daina karatu.

Kuma ƙasar nan ba baƙuwar ilimi ba ce. 'Yandoto, a ƙasar Tsafe, cibiyar malamai ce da ake zuwa daga nesa tun kafin jihadi, sunanta ne ma sarautar Tsafe ke ɗauke da shi har yau. Gusau kanta malami ne ya kafa ta, Malam Sambo Ɗan Ashafa. Iyayen da ake cewa ba sa son ilimi, su ne ke tura 'ya'yansu makarantar allo da Islamiyya safe da yamma, suna biya daga aljihunsu. Dalili kuwa, suna ganin sakamako: yaro ya tafi, ya dawo yana biya karatu. Ranar da firamare ta fara dawo musu da yaro yana karanta wasiƙa da takardar asibiti, ba sai an yi gangamin wayar da kai ba.

Abin da muke nema

Buƙatunmu ba su da yawa. A auna karatun 'yan aji biyu da uku a ƙananan hukumomi 14 na jihar sau ɗaya a shekara, waɗanda ba ma'aikatan makarantar ba su yi awon, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa. A faɗi makarantun da ba sa aiki da inda yaransu suke. A raba malamai bisa yawan yara, ba bisa wanda ya san wani ba. A naɗa shugaban makaranta don ya iya, a tambaye shi karatun yaransa kafin a tambaye shi rajista. A sa littafin Hausa a hannun kowane ɗan aji ɗaya, nasa na kansa, ya tafi da shi gida.

Mu kuma marubuta mu ɗauki namu kason. Kowace ƙungiyar marubuta a Gusau da kewaye tana iya fitar da ƙananan labaran yara goma a shekara, ta ba da su kyauta a buga. Kowane mai karanta wannan shafi yana iya zama da yaro ɗaya minti goma sha biyar bayan magariba.

Dokar ta-ɓaci ba ta dawwama, wata rana za a ce ta ƙare, a karanto jerin ayyuka. Fenti kuwa damina uku ta ishe shi. A ranar, mu ba jerin za mu duba ba. Yaron nan da kuka miƙa wa waya ɗazu za mu sake kira, ko ƙanensa da ya shiga aji ɗaya bayan an kafa dokar, mu ce ya karanta mana layin farko.